Darasi na 9: Neman Rai a Wasu Duniyoyi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin abubuwa uku da masana ke dubawa kafin su ce wuri zai iya ɗaukar rai;
2. bayyana yadda neman rai ya zama babban dalilin tura kumbuna zuwa nesa;
3. bambance wurin da ya dace da rayuwa, da alamar rayuwa, da tabbacin rayuwa;
4. kawo hujja a kan ko kuɗin da ake kashewa a wannan bincike ya dace.

Shimfiɗa

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa kusa da ƙauyen Zagami a ƙasar Katsina, sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa. Dutse ne ya faɗo daga sama, ya nutse cikin ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da aka tono shi aka ɗora a sikeli, nauyinsa ya kai kilo 18. Sai bayan shekaru masu yawa masana suka tabbatar cewa ɓallin duniyar Mars ne. Tun da daɗewa wani ƙaton dutse ya daki Mars, ya watsa ɓaraguzanta zuwa sarari, ɗaya daga cikinsu ya yi ta yawo har ya faɗo mana. Abin da ya tabbatar da asalinsa shi ne 'yar iskar da ta maƙale a cikinsa, wadda ta zo daidai da iskar da kumbunan Viking suka auna a Mars a 1976.

A watan Nuwamba na 2023 an tsinci wani irinsa a yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar, mai nauyin kusan kilo 25. An yi gwanjonsa a birnin New York a watan Yuli na 2025 a kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fitar da shi daga ƙasar.

Dutsen Zagami daskararren aman wuta ne, kuma ba a sami alamar rai a cikinsa ba. Duk da haka ɗakunan bincike na ƙasashe da dama sun yi ta neman gutsurensa, domin kowane ɓalli na Mars yana taimakawa wajen amsa wata tsohuwar tambaya: mu kaɗai ne masu rai a cikin wannan faffaɗan sarari, ko akwai wasu?

1. Daga gasar ƙasashe zuwa neman amsa

Ba neman rai ne ya fara kai mutum sararin samaniya ba. Gasa ce tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik, ranar 4 ga Oktoba, 1957, sannan ta kai Yuri Gagarin ya kewaya duniya ranar 12 ga Afrilu, 1961. Amurka ta rama a watan Yuli na 1969, lokacin da Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka taka Wata. A farkon shekarun 1960 har a Kano Amurkawa sun kafa tashar bibiyar kumbunansu masu ɗauke da mutane.

Da gasar ta lafa, zafin nema ya ragu. Daga Disamba 1972 an shafe fiye da shekara 50 ba a sake sauke mutum a kan Wata ba. Taurarin ɗan Adam da ke kewaya duniyarmu ba su rasa masu biyan kuɗinsu ba, tunda da su ake sadarwa, da hasashen ruwan sama, da leƙen asiri. Kumbon da za a tura tafiyar wata bakwai zuwa Mars, ko ta shekara shida zuwa Jupita, shi kam ba ya dawo da riba. Dole a sami dalilin da zai gamsar da majalisar da ke ware kuɗi da talakan da ke biyan haraji. Dalilin da ya fi kowanne jan hankali shi ne neman rai. Shi ke yanke inda za a sauka a Mars, da irin na'urorin da za a ɗora wa kumbo, da watannin da za a fara ziyarta.

2. Wane irin rai ake nema?

Finafinai sun saba nuna wasu halittu masu manyan kawuna suna saukowa cikin faranti mai tashi. Masana ba su ake nema ba. Abin da suka fi sa rai da shi shi ne ƙananan halittu irin su bakteriya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Dalili kuwa yana cikin tarihin duniyarmu. Shekarunta sun kai biliyan 4.5, kuma akwai shaidar rai a cikin duwatsunta tun aƙalla shekara biliyan 3.5 da suka wuce. A mafi yawan wannan lokaci ƙananan halittun nan ne kaɗai a doron ƙasa. Tsirrai da dabbobi baƙi ne na baya-bayan nan. Ku lura kuma cewa wannan bincike ya taƙaita ga abin da na'ura za ta iya gani ko aunawa. Bai shafi abubuwan gaibu ba.

Duk wani mai rai da muka sani yana buƙatar abu uku:

- Ruwa a narke, wanda bai daskare ba, bai kuma zama tururi ba.
- Sinadaran ginin jiki, musamman kabon, da naitirojin da fosfaras waɗanda manomi ya sani a buhun takin zamani.
- Makamashi, daga hasken rana ko daga haɗuwar sinadarai.

Samuwar ruwa a narke ya dogara sosai da nisan duniya daga tauraronta. Ku tuna masu jin ɗumi a bakin wuta da hunturu: wanda ya matsa ƙwarai zai ƙone, wanda ya yi nisa sanyi zai kama shi, akwai kuma tsakiya inda zama ke da daɗi. Venus, wadda muke kira Zara, tana ciki kusa da Rana, kuma iskarta mai kauri tana tsare zafi har ya kai digiri 460 a ma'aunin Salshiyas. Mars tana waje, matsakaicin sanyinta kusan digiri 60 ƙasa da sifili. Duniyarmu, mai nisan kilomita miliyan 150 daga Rana, ita ce a tsakiya.

A 1977 wani abu ya faɗaɗa tunanin masana. Wani ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin ya sauka zurfin kusan mita 2,500 a tekun Fasifik, kusa da tsibiran Galapagos, inda hasken rana ba ya kaiwa. A can aka tarar da ramuka masu fitar da ruwan ɗumi, kewaye da tsutsotsi da sauran halittu birjik. Tushen abincinsu bakteriya ne masu rayuwa da sinadaran da ke fitowa daga cikin ƙasa. Daga nan aka gane cewa rai ba dole sai da hasken rana ba, wuraren da za a duba kuma suka ƙaru.

3. Mars: inda aka fi daɗewa ana nema

A ƙarshen ƙarni na 19 wani attajirin Amurka, Percival Lowell, ya gina ɗakin kallon taurari a jihar Arizona. Ya yi ta zana wasu layuka da ya ce yana gani a kan Mars, ya haƙiƙance cewa magudanan ban ruwa ne da wasu halittu masu hankali suka haƙa. Jama'a da yawa sun gaskata shi. Gani ya kori ji: a watan Yuli na 1965 kumbon Mariner 4 ya gitta ta kusa da Mars ya aiko da hotuna, ba magudana, ba gonaki, sai busasshiyar ƙasa mai ramuka.

A 1976 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sauke kumbuna biyu, Viking 1 da Viking 2, da niyyar gwada ƙasar Mars kai tsaye. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen an ɗebi ƙasa, aka ɗiga mata ruwan abinci, aka jira a ga ko wani abu zai ci ya fitar da iska. Iska kuwa ta fito. Da aka gasa ƙasar aka sake gwadawa, abin ya tsaya, kamar dai zafi ya kashe masu cin. Sai dai wata na'urar da ke cikin kumbon ba ta ga sinadaran ginin jiki a ƙasar ba. Yawancin masana suka tafi a kan cewa wasu sinadarai masu kaifi ne a ƙasar suka narkar da abincin. Gilbert Levin, wanda ya tsara gwajin, ya tsaya a kan cewa rai ya gano har ya rasu a 2021.

A watan Agusta na 1996 an sake tayar da ƙura. Wasu masanan NASA sun ce sun ga wasu siffofi masu kama da kasusuwan tarihi na bakteriya a cikin wani dutsen Mars da aka tsinta a Antatika a 1984. Har shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya yi jawabi a kai. Daga baya wasu masana suka nuna cewa irin waɗannan siffofi suna iya samuwa ba tare da wani mai rai ba. Kama da wane ba ta wane.

Waɗannan darussa suka sa aka sauya dabara. Maimakon a tafi kai tsaye neman halitta, sai a fara bin sawun ruwa. A 2008 kumbon Phoenix ya tono ƙanƙara a ƙarƙashin ƙasar arewacin Mars. A 2012 mota mai sarrafa kanta, Curiosity, ta sauka a kwarin Gale, ta gano cewa wurin tsohon tafki ne mai ruwan da ƙananan halittu za su iya zama a ciki. Ranar 18 ga Fabrairu, 2021, ƙanwarta Perseverance ta sauka a kwarin Jezero, inda wani tsohon kogi ya taɓa zuba cikin tafki. A watan Yuli na 2024 ta ci karo da wani dutse mai ɗigo-ɗigo, ɗauke da kabon da ma'adanan ƙarfe waɗanda a duniyarmu sau da yawa bakteriya ke bari a cikin laka. A Satumba 2025 NASA ta sanar cewa wannan na iya zama alamar tsohuwar rayuwa, amma ba ta ce tabbas ba. Motar ta huda dutsen, ta adana samfurinsa a cikin bututu. Hukuncin ƙarshe sai an kawo shi ɗakin bincike a nan duniya.

Amurka ba ita kaɗai ke wannan fage ba. Kumbon Indiya ya isa Mars a 2014, na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Fabrairu 2021, Sin kuma ta sauke motarta mai suna Zhurong a watan Mayu na 2021.

4. Tekuna a ƙarƙashin ƙanƙara

Jupita da Saturn suna da nisa ƙwarai da Rana, don haka an daɗe ana ɗaukar watanninsu a matsayin daskararrun duwatsu. Binciken kumbuna ya nuna akasin haka. Europa, ɗaya daga cikin watannin Jupita huɗu da Galileo ya hango a 1610, tana lulluɓe da ƙanƙara, kuma alamu masu ƙarfi sun nuna akwai teku mai gishiri a ƙarƙashi, wanda ruwansa zai iya ninka na dukan tekunanmu. Ɗumin ba daga Rana yake zuwa ba. Ƙarfin jan Jupita ne ke matsa cikin watan yana saki a kowane kewaye, wannan murza kuwa ita ke haifar da zafi.

Enceladus, ƙaramin watan Saturn mai faɗin kilomita 500 kacal, ya fi ba da mamaki. A 2005 kumbon Cassini ya ga yana feso ruwa zuwa sarari ta wasu tsagogi a kudancinsa. Kumbon ya ratsa cikin feshin, ya tarar da gishiri, da sinadaran kabon, da iskar haidurojin wadda wasu ƙananan halittu ke samun makamashi daga gare ta. A 2023 aka sanar da samun fosfaras a cikin bayanan da ya tara. Wato duk abubuwa ukun nan da muka lissafa suna can. Neman sanin irin waɗannan tekuna ya sa Turai ta harba kumbon Juice zuwa watannin Jupita a Afrilu 2023, Amurka kuma ta harba Europa Clipper a Oktoba 2024, ana sa ran isarsa a 2030.

5. Duniyoyin wasu taurari

Rana tauraro ce, ɗaya daga cikin aƙalla biliyan 100 da ke cikin rukunin taurarinmu. Kafin shekarun 1990 babu wanda ya tabbatar ko sauran taurari suna da duniyoyi. A 1995 wasu masana biyu daga Suwizalan, Michel Mayor da Didier Queloz, suka gano duniya ta farko da ke kewaya tauraro irin Rana, aikin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2019. Na'urar hangen nesa ta Kepler, wadda aka harba a 2009, ita kaɗai ta gano fiye da 2,600. Zuwa 2025 adadin waɗanda aka tabbatar ya haura 6,000.

Yawancinsu ba a ganin su kai tsaye. Ana lura da hasken tauraro ne; idan ya ɗan ragu ya dawo a kan ƙayyadadden lokaci, alama ce wata duniya na gittawa ta gabansa. Zuwa can kam ba maganar yanzu ba ce. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma sai ya shafe fiye da shekara huɗu kafin ya iso mana daga Proxima Centauri, tauraro mafi kusa da Rana. Kumbon Voyager 1, wanda ya tashi tun 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, zai buƙaci fiye da shekara 70,000 ya ci wannan nisa.

Abin da ya rage shi ne karanta haske. Lokacin da duniya ke gittawa, hasken tauraro yana ratsa iskarta, kuma kowace irin iska tana shanye wasu launuka nata na musamman. Daga launukan da suka ɓace ake gane iskar da ke can. Wannan na cikin manyan ayyukan na'urar James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021. A Afrilu 2025 wata tawaga daga Jami'ar Cambridge ta ce ta ga alamar wata iska a duniyar K2-18b, mai nisan tafiyar haske ta shekara 124, iskar da a wurinmu ƙananan halittun teku ne suka fi samar da ita. Wasu masana da suka sake duba bayanan sun ce shaidar ba ta kai a dogara da ita ba.

Akwai kuma masu sauraro. Tun 1960 Frank Drake ya fara juya babban farantin rediyo zuwa taurari ko zai ji saƙon wasu halittu masu fasaha. A watan Agusta na 1977 wata tasha a jihar Ohio ta kama wata sigina mai ƙarfi ta tsawon daƙiƙa 72. An yi ta komawa wurin, ba a sake jin ta ba.

6. Matakai uku da bai kamata a cakuɗa ba

Duk labaran da muka bi suna koyar da abu guda: akwai tazara tsakanin matakai uku.

Mataki na farko, wuri ya dace da rayuwa. An tabbatar da wannan ga Mars ta dā, kuma shaida ta yi ƙarfi ga Enceladus.

Mataki na biyu, an ga alamar da rai zai iya barin ta. Nan dutsen Jezero yake. Kafin a wuce gaba sai an kore duk wata hanyar da alamar za ta iya samuwa ba tare da rai ba, sai kuma wasu masana na daban sun sake gwadawa sun sami abu ɗaya.

Mataki na uku, an tabbatar da rai. Har zuwa rubuta wannan darasi babu wani wuri a wajen duniyarmu da ya kai nan.

Saboda haka in kun ji a rediyo ko kun gani a waya cewa an gano halittu a wata duniya, ku fara tambaya: a wane mataki ake, wa ya faɗa, kuma wa ya sake gwadawa?

Wannan taka-tsantsan ya shafi har tsaftar kumbuna. Idan bakteriyarmu ta maƙale a jikin kumbo ta isa Mars, wata rana za mu iya gano ta mu ɗauka baƙuwa ce. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta wajabta wa ƙasashe guje wa gurɓata sauran duniyoyi. Don haka da man Cassini ya kusa ƙarewa a Satumba 2017, da gangan aka jefa shi cikin iskar Saturn ya ƙone, gudun kada ya faɗa kan Enceladus.

7. Kuɗin ya dace kuwa?

Na'urar James Webb ta ci kusan dala biliyan 10, Perseverance kuma kusan biliyan 2.7. A 2024 NASA da kanta ta ce shirin dawo da samfuran Mars, wanda aka ƙiyasta zai iya kai biliyan 11, ya yi tsada, dole a sake tsari. Mai ganin asibiti ba magani da makaranta ba rufi yana da hujjar cewa a fara da na gida.

Masu goyon baya suna cewa dukan kasafin NASA bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da gwamnatin Amurka ke kashewa ba. Suna kuma nuna amfanin da ya biyo baya: fasahar ɗaukar hoto da ke cikin wayoyinmu ta samo asali ne daga ƙoƙarin wani ɗakin binciken NASA na rage girman kyamarar kumbo a shekarun 1990. Nazarin Zara da Mars ya ƙara mana fahimtar yadda iska ke tsare zafi da yadda duniya mai ruwa ke iya bushewa, ilimin da ya shafi duk mai zaune a bakin hamada. Kowace ƙasa kuma tana zaɓar abin da ya dace da aljihunta: Najeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003 don ɗaukar hoton ƙasa da lura da bala'o'i.

Sai dai waɗannan amfanoni a gefe suke. Ainihin abin da ake biya shi ne amsar tambayar. Idan aka sami ko da bakteriya ɗaya da ba ta da dangantaka da rayuwar duniyarmu, za mu san cewa rai ya samu fiye da sau ɗaya a kewayen Rana guda, don haka mai yiwuwa ne yana da yawa a sarari. Idan kuma aka bincika wurare masu ruwa da sinadarai da ɗumi aka tarar ba kowa, za mu san cewa abin da muke da shi a nan ba ya samuwa da sauƙi, hakkin kula da shi kuma ya ƙara nauyi a kanmu.

Muhimman kalmomi

- Kumbo: jirgin da ake harbawa sararin samaniya, da mutane ko babu.
- Bakteriya: ƙananan halittu masu ƙwayar halitta guda.
- Yankin da ya dace da rayuwa: tazarar da ruwa zai iya zama a narke a saman duniya.
- Shekarar haske: nisan da haske ke ci a shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5.

Tambayoyi

1. Ta yaya aka gane cewa dutsen Zagami daga Mars ya fito?
2. Me ya sa masana suka fi neman ƙananan halittu?
3. Wane canji binciken Alvin na 1977 ya kawo?
4. Me ya hana yawancin masana yarda cewa Viking ya gano rai?
5. Daga ina ɗumin tekun Europa yake zuwa?
6. Ku sanya kowanne a matakinsa: tafkin Gale, dutsen Jezero, iskar K2-18b.

Aikin aji

(a) Ku kunna fitila a ɗaki mai duhu tana haska bango. Mutum ɗaya ya riƙa gitta lemo ta gabanta a hankali, sauran su lura da yadda haske ke raguwa. Ku sake da goro. Wace irin duniya ce ta fi sauƙin ganowa ta wannan hanya, kuma don me?

(b) Ku rabu gida biyu ku yi muhawara a kan wannan batu: "Bai kamata a kashe kuɗi wajen neman rai a wasu duniyoyi ba alhali akwai talauci a wannan." Kowane ɓangare ya kawo aƙalla hujja uku, biyu daga cikin darasin, ɗaya daga tunaninsa.